Darasin sida a lakwal: mushe shi kaɗai ba ya iyawa

Wanda ke kusa da rediyo ya matso. Wanda takardar nan ta shiga hannunsa ya karanta a hankali, kuma ya karanta wa maƙwabcinsa.

Hirarmu ta yau a kan yaranmu take, waɗanda suka fara tasawa, ƴan shekara 12 zuwa 19. Wata rana ɗanka ko ɗiyarka za su komo daga lakwal su ce: "Yau mushe ya yi mana darasin sida." Wani uba zai yi shiru. Wani zai ɓata rai, ya ce ba abin da ya aiki yaro ya koyo ke nan ba. Wata uwa kuma kunya za ta kama ta, ta ce a bar zancen. To, yau zancen nan za mu yi. Me ake koya masu? Yana da amfani ko ba shi da shi? Mu kuma iyaye, ina namu aikin?

Mece ce sida?

Mu fara da cutar kanta, don kada yaro ya fi uwarsa da ubansa sani.

Sida, wadda ake kira ƙanjamau, wata ƙwayar cuta ke kawo ta. Ƙwayar ƙarama ce ƙwarai, ido ba ya ganinta. A cikin jinin kowane mutum akwai wasu ƙwayoyi masu tsaron jiki, kamar sojoji. Su ke korar cututtuka. Ƙwayar sida, su take kashewa sannu sannu. Idan masu tsaro suka ƙare, kowace cuta sai ta shigo: tarin fuka, zawo marar tsayawa, ƙuraje, rama.

A 1981 likitoci suka fara lura da cutar a Amurka. A 1983 masu bincike a Paris, ƙasar Faransa, suka gano ƙwayar. A nan Nijar, a 1987 aka fara samun mai ɗauke da ita.

Ta hanya uku take shiga jiki. Ta farko, saduwar namiji da mace, in ɗayansu yana da ita. Wannan ita ce babbar hanya. Ta biyu, jini: allurar da aka yi wa wani aka sake yi wa wani, reza ko askar da ta yanki wani ba a tafasa ta ba, ko ƙarin jinin da ba a auna ba. Ta uku, daga uwa zuwa ɗa, lokacin ciki, ko wajen haihuwa, ko ta nono.

Ku riƙe wannan kuma da kyau. Sauro ba ya ba da sida. Cin tuwo a akushi ɗaya ba ya ba da ita. Gaisawa da hannu, shan fura a ludayi ɗaya, buta, salga, tabarma, zama a benci ɗaya cikin aji, duk ba su ba da ita.

Mutum na iya ɗauke da ƙwayar shekara da shekaru, har wajen goma, yana da ƙiba da ƙarfi, bai sani ba. Ba a gane ta a fuska. Gwaji kaɗai ke nunawa. Ɗigon jini ɗaya ake ɗiba a yatsa, kafin rabin awa an sami amsa.

Akwai magani yanzu. Ba ya fid da ƙwayar daga jiki, amma yana danne ta. Tun 1996 aka sami haɗin maganin da ke aiki sosai, kuma a 2004 aka fara ba da shi a Nijar. Kyauta ake ba da shi. Mai shansa kullum, ba fashi, yana noma, yana aure, yana haihuwa, yana tsufa cikin jikokinsa. In ƙwayar ta kwanta har gwaji ya daina ganinta a jini, ba ya shafa wa matarsa. Mai ciki kuma, in ba ta sha magani ba, cikin jarirai 100 na irin waɗannan uwaye, 15 zuwa 45 na iya kamuwa. In ta sha yadda aka ce, ba su kai 5 ba. Saboda haka sunan nan na "kabari kusa" ya kamata mu bar shi. Ba gaskiya ba ne yanzu, kuma shi ke sa mutane gudun gwaji.

Ina muke a Nijar?

Mun gode Allah, ƙasarmu tana cikin waɗanda cutar ba ta yi wa yawa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2006 ya nuna mutum 7 cikin 1000 ke ɗauke da ita, tsakanin ƴan shekara 15 zuwa 49. A binciken 2012 an sami 4 cikin 1000. Akwai ƙasashe a kudancin Afirka inda ake samun babba ɗaya cikin biyar.

Wani zai ce: to, tun da kaɗan ce, me ya kawo zancen cikin aji? Ga amsa. Kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba. Kowace shekara sabbin yara ke balaga, waɗanda ba su ji gargaɗin da aka yi wa yayyensu ba. Samarinmu kuma matafiya ne. Da an gama girbi sai bida: wasu Legas, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu wuraren haƙar zinariya. Suna tafiya da ƙuruciya, suna daɗewa ba iyali. Wanda ya tafi da sani ya fi wanda ya tafi da duhun kai.

Ƴan mata kuma su suka fi shiga haɗari. A 2023, kowane mako, ƴan mata da mata matasa wajen 4000, masu shekara 15 zuwa 24, suka riƙa kamuwa a duniya. Wajen 3100 daga cikinsu a Afirka suke, kudu da hamada. Jikin yarinya bai gama ƙwari ba, ƙwayar ta fi saurin shigarsa. Sau da yawa kuma namijin ya girme ta nesa, ba ta da bakin yi masa musu. A ƙasarmu, binciken 2012 ya nuna ƴan mata 3 cikin 4 ana yi masu aure kafin su cika 18. Aure sutura ne, amma ba ya kashe ƙwayar da ke jinin ango ko amarya tun kafin a ɗaura. Gwaji kafin aure shi ke fid da shakka.

Tsoron iyaye

Babban abin da iyaye ke tsoro shi ne wannan: kada a buɗe wa yaro ido, a koya masa abin da bai sani ba. Tsoron nan ba na banza ba ne. Uban da ke kishin tarbiyyar ɗansa shi ke irin wannan tunani. Amma mu duba shi da idon basira.

Yaro mai shekara 14, ko mun yi magana ko mun yi shiru, yana jin zancen. Yana ji a fada wurin shan shayi. Yana ji a tasha da kasuwa. Yana gani a salula. A can kuwa ƙarya ta fi gaskiya yawa. A can ne ake ce masa sau ɗaya ba ya komi. A can ake ce masa mai jiki sumul ba ta da cuta, ko wankan sabulu na wanke ta. Ke nan ko mun so ko mun ƙi, yaro zai ji. Abin da ya rage mu zaɓa shi ne daga bakin wa zai ji.

An kuma auna abin. Hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta tattara bincike da yawa daga ƙasashe daban daban, ta fitar a 2009, ta sabunta a 2018. Abin da aka gani shi ne, darasin da aka tsara da kyau ba ya sa yara saurin fara neman juna. A wurare da yawa ma jinkirtawa yake sa su yi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A gabashi da kudancin Afirka cutar ta fi ƙarfi, don haka can aka fi gwada dabarun koyarwa, a makarantun ƙauye marasa wadata irin namu. Bari mu ɗauki ƙasa uku.

Ta farko Tanzaniya. A yankin Mwanza, daga 1998 zuwa 2002, an yi wani babban gwaji a karkara 20. An raba su biyu. A rabi, an horar da malamai, suka koyar da darasin kare kai a azuzuwan ƙarshe na firamare, da wasan kwaikwayo, da taimakon ma'aikatan lafiya. A ɗayan rabin an bar abin yadda yake. Bayan shekara uku aka auna. Yaran da suka sami darasin sun fi sani nesa ba kusa ba. Amma da aka gwada jini, ba a ga cutar ta ragu a cikinsu ba. An sake komawa a 2007 da 2008, aka tarar haka abin yake: sani ya zauna, cuta ba ta ragu ba.

Me ya sa? Domin yaro awa kaɗan yake yi a aji. Sauran rayuwarsa a gari take. Yarinya ta san gaskiya, amma wanda ke nemanta babba ne da bai zauna ajin ba. Ta san gaskiya, amma ba ta da kuɗin sabulu. Sani kamar iri ne. In ƙasa ta bushe, ko irin ya yi kyau ba ya tsira.

Ta biyu Kenya. A yammacin ƙasar, daga 2003, an yi gwaji a makarantun firamare 328. A wasu an horar da malamai kawai. A wasu an ba yara kayan makaranta na sawa kyauta, don rashinsu na korar ƴaƴan talakawa daga aji. A wasu an haɗa biyun. Horar da malamai kaɗai bai rage cikin ƙuruciya ba. Kayan sawa kuwa sun sa ƴan mata da yawa suka zauna a makaranta, ciki da auren wuri suka ragu. Inda aka haɗa biyun, bayan shekara bakwai an ga wani ciwon sanyi da ake ɗauka ta saduwa ya ragu a cikin ƴan mata.

A nan Kenya ɗin kuma, a 2004, an shiga makarantu 71 an yi wa yara magana ta minti 40 kacal. Gaskiya ɗaya aka faɗa masu, da lissafinta: manyan maza sun fi samari ƙanana yawan ɗauke da ƙwayar, saboda haka kyautar babban mutum tana da haɗari. A shekarar da ta biyo, cikin da ƴan matan nan ke ɗauka ya ragu da kashi 28 cikin 100. Wanda manyan maza ke yi masu kuwa ya ragu fiye da rabi. Ku duba: magana gajera, amma ta taɓa ainihin abin da ke faruwa a gari.

Ta uku Malawi. A yankin Zomba, a 2008 da 2009, an riƙa ba wasu ƴan mata ƴan makaranta da iyayensu ɗan kuɗi kowane wata. Bayan wata 18 aka gwada jini. Cikin waɗanda suka sami taimakon, 12 cikin 1000 ke da ƙwayar. Cikin waɗanda ba su samu ba, 30 cikin 1000. Ba wani sabon darasi aka ƙara masu ba. Talauci aka ɗan sassauta masu, sai suka rage dogara ga manyan maza.

To, ga abin da ƙasashen nan uku suka koya mana. Darasi dole ne, amma shi kaɗai bai isa ba. Sai an faɗi gaskiyar da ta dace da garin. Sai yarinya ta zauna a aji. Sai gida da gari sun tallafa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Lakwal marar kuɗi, me za ta iya?

Mun san halin makarantunmu. Wasu azuzuwan na zana ne da kara. Yara sun yi yawa, littattafai sun yi kaɗan. Amma yawancin abin da ake bukata ba na saye ba ne.

Na ɗaya, a yi bayani da harshen da yaro ke ji. In an yi da Faransanci, a maimaita da Hausa, ko Zabarmanci, ko harshen garin. Abin da yaro ya haddace don jarrabawa kawai, ba ya tuna shi ranar da ya shiga matsi.

Na biyu, a raba maza da mata wajen zancen da ke da nauyi. Malama ta zauna da ƴan mata, malami da samari. Inda babu malama, a gayyato ungozoma ko ma'aikaciyar gidan likita.

Na uku, a ajiye kwali a bayan aji, a huda shi. Mai tambaya ya rubuta a ƴar takarda, ba suna, ya jefa. Ranar da aka sa, mushe ya buɗe ya amsa. Tambayar da kunya ta hana baki, hannu na iya rubuta ta.

Na huɗu, wasan kwaikwayo. Wani ya fito a mai kuɗi da kyautarsa, wata ta fito a ɗaliba. Ta koyi yadda ake cewa a'a, da yadda ake barin wurin, da wanda ake gaya wa. Samari su ma su koyi cewa tilasta wa yarinya zalunci ne kuma laifi ne. Ƙin abu shi ma sai an koya, kamar yadda kuka koyi riƙon alli.

Na biyar, a faɗi hanyoyin tsari duka, ba ɓoyo. Kame kai har aure shi ne kan gaba, shi ne kuma abin da addini da al'ada suka hore mu da shi. Sai gwaji kafin aure, da riƙon amana bayan aure. Manyan ɗalibai kuma su san akwai kwaroron roba, su san yana tare ƙwayar in an yi aiki da shi daidai. Da yawansu sun kusa aure ko tafiya bida. Kowa kuma ya san kada ya yarda da allurar mai yawo da magani a ka, kuma ya je wurin wanzami da sabuwar rezarsa.

Na shida, yaron da ke ɗauke da ƙwayar. Akwai waɗanda aka haifa da ita, suna shan magani, suna karatu. Ba a korarsu, ba a ware masu benci, ba a tona asirinsu. Ajin da ake yi wa mai cuta dariya, ba wanda zai fito daga cikinsa ya je gwaji.

Aikinku, ku iyaye

Yanzu mun zo kanku. Ku da kuka zauna kuka koyi karatu da girmanku, kun fi kowa sanin darajar ilimi.

Ka je lakwal da ƙafarka. Ka gaida mushe, ka tambaye shi abin da yake koyarwa. In akwai taron kwamitin kula da makaranta, ko na ƙungiyar uwaye mata, ku halarta. A kira liman da mai gari da ma'aikacin lafiya, a karanta darasin a gabansu tun kafin a kai shi aji. Malamin da ya san gari na bayansa ba ya tsallake shafin don tsoro.

Ki bar ɗiyarki ta ƙare karatunta. A watan Disamba na 2017 gomnati ta fid da doka ta kare yarinya ƴar makaranta da tallafa mata. Amma doka a takarda take, a gida ake cika ta. Kaye da bik da sabulu da ɗan kuɗin kalaci, in ba su fito daga hannunku ba, wani zai miƙo su, kuma ba don Allah zai ba da ba. In kun ga sabuwar salula ko turmin zane da ba ku saya ba, ku tambaya cikin lalama. A rage tallan dare. In yarinya ta ci jarrabawa ta tafi kwaleji a wani gari, ku san gidan da ta sauka, ku san mai masaukinta, ku riƙa leƙa ta da ɗan hatsi.

Zancen da uwa ke jin nauyinsa, inna ko gwaggo ko kaka na iya yi. Wanda uba ke jin nauyi, kawu ko baffa ya yi. Haka iyayenmu suka yi tun dā. Maza kuma kada su ce wannan zancen mata ne. A jahar Damagaram aka fara makarantar mazaje a 2008, inda magidanta ke zama suna shawara kan lafiyar iyalinsu, kuma abin ya bazu zuwa wasu jahohi. Yadda aka zauna don lafiyar mai ciki, haka za a iya zama don lafiyar ɗan makaranta.

Abu na ƙarshe, mai nauyi. In wani ya ci zarafin yarinya ko yaro, ko wane ne shi, ko baƙo ko na gida ko ma'aikaci, kada a tsaya rufa-rufa. A kai yaron gidan likita nan da nan. Akwai maganin da ke hana ƙwayar kama jiki, amma sai an fara shi kafin kwana 3 su cika, a sha har kwana 28. In an wuce kwana ukun, wannan dama ta wuce. Bayan haka a kai ƙara wurin hukuma. Kunyar ta wanda ya aikata ce. Yaron, a rarrashe shi, kada a doke shi. Yaron da ya san za a saurare shi a gida, shi ke faɗa da wuri.

Aikin wannan mako

Ku ɗauki allunanku ku rubuta kalmomin nan huɗu: sida, jini, gwaji, rigakafi. Kowa ya ƙulla jimla ɗaya da kowace kalma.

Sannan ku tattauna tambayoyin nan da malaminku:

1. Ta hanya nawa ƙwayar sida ke shiga jiki? Ku lissafa su.
2. Ku faɗi abu uku da ba su ba da sida.
3. A Tanzaniya yara sun sami sani, amma cuta ba ta ragu ba. Me ya sa?
4. A garinku, me ke fid da ƴan mata daga lakwal kafin su ƙare? Me za ku iya yi a kai kafin damina?
5. Ina ne wuri mafi kusa da ku da ake gwajin jini?

Abin da kuka yanke, malaminku ya rubuta, ko ma ɗayanku ya rubuta da hannunsa, a aiko mana. Za mu karanta amsoshinku a shiri mai zuwa, kowace cibiya da sunan garinta.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba marasa lafiya sauƙi. Sai mako mai zuwa war haka. Mu kwana lafiya.